Baba ya yi wata 21 a hannun sojan Biyafara, yana tambaya ko shi ma ya yi yaƙi

Ɗan Ƙofar Doka:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, amma sai kun yi haƙuri na fara da labari, don in ban ba da shi ba, ba za ku gane abin da ke damuna ba.

Mahaifina tsohon soja ne, yanzu ya doshi shekara 80. A cikin birnin Zariya aka haife shi, wajen Ƙofar Doka, kuma a gidan muke har yau. Ɗinki yake koyo a Tudun Wada sa'ad da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967. Wajen ƙarshen shekarar ya ajiye almakashi ya tafi Daffo, barikin horar da kurata, ya ba da sunansa ba tare da ya shawarci kowa ba, ya bar Inna da goyon babbar yayarmu. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce zafin kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa bai huce a zukatan samari ba, kuma albashin kurtu ya fi abin da yaron tela ke samu nesa ba kusa ba. Duka biyun ya faɗa mini, bai ɓoye na biyun ba.

Horon da aka ba su bai kai wata 2 ba, don gaggawa ake yi. Sojan ƙasar da bai wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙi, shi ne ya kumbura ya kai wajen 250,000 kafin a gama. Aka tura shi runduna ta 2, ta Murtala Muhammad, wadda ta yi asarar mutane da yawa a watan Oktoba na 1967 wajen ƙoƙarin tsallaka kogin Kwara daga Asaba zuwa Anaca. Daga baya suka zagayo ta tudu, ta Awka, suka shiga Anaca a watan Maris na 1968.

Ranar 31 ga wannan watan Baba yana bayan wata babbar mota, cikin ayarin da zai kai wa na Anaca harsashi da mai da abinci. Motoci kusan 100, wannan a gindin wannan, a kan titi mai ƙunci. A Abagana sojan Biyafara suka yi musu kwanton ɓauna. Abin da suka harbo ya faɗa kan tankar mai, wuta ta bi layi, motocin harsashi suka riƙa fashewa da kansu. Baba ya ce ko kunamar bindigarsa bai taɓa ba. Sai ganin kansa ya yi a cikin lambatu, rigarsa na ci da wuta, ya yi ta birgima har ta mutu, ya kutsa daji. Har yau fatar bayansa daga kafaɗar hagu zuwa ƙugu kamar ledar da ta narke take. Muna yara ba mu taɓa ganinsa ba riga ba. Sai da tsufa ya sa na fara yi masa wanka na ga abin da idona.

Kwana 2 ya yi kwance a gonar rogo kafin mutanen ƙauye su gan shi, suka ɗaure shi da igiyar akuya suka miƙa wa soja. An dake shi, kuma kowane duka da sunan Asaba ake haɗa shi, inda sojan tarayya suka kashe ɗimbin maza fararen hula a watan Oktoban 1967. A lokacin Baba yana Tudun Wada yana taka keken ɗinki, amma wa zai saurare shi? Kakin iri ɗaya ne.

Ana cikin shawarar a fita da shi bayan gari, sai wani matashin soja daga cikinsu ya tsuguna a gabansa ya ce masa da Hausa, “Kai, ina rigan ka?” Baba ya ce ko a mafarki ya ji “rigan ka” ya san Bazazzagi ke magana, Bakano “rigarka” zai ce. Ashe a Sabon Gari aka haifi yaron, ubansa ma'aikacin reluwe ne. A tarzomar 1966 suka gudu gida, kuma an kashe wansa a nan Zariya kafin su kai tasha. Da bakinsa ya gaya wa Baba haka a daren farko, ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya tashi ya je ya ce wa ofisansu kada a kashe wannan, tela ne, zai yi musu amfani.

To, nan ne gizo ke saƙar. Da allura Baba ya rayu. A wata makarantar firamare da aka mai da kurkuku aka ajiye shi da wasu kamammun, aka ba shi allura da zare, yana yi wa sojan Biyafara facin kaki, yana ɗinka musu alamar nan tasu ta rabin rana a hannun riga. Sau 3 aka canza musu wuri, duk sa'ad da ƙasar ta ƙara matsewa.

Yunwa kuwa, in ya fara zancenta muryarsa canzawa take. Gari cikin tafin hannu sau ɗaya a yini, da ganyen rogo dafaffe ba gishiri. Ya ce gishiri ya fi kuɗi daraja a wurin. Sun ci ƙadangare, sun ci ɓera. Wata rana a kan samu ɗan guntun busasshen kifin nan mai kama da itace da jiragen agaji ke saukewa da dare a Uli, a jiƙa shi a raba wa mutum goma. Amma abin da yake nanatawa shi ne masu gadinsu ba su fi su ƙoshi ba, kuma yaran ƙauye da tamowa ta kumbura wa ciki, gashinsu ya yi ja, su kan zo jikin shinge su tsaya suna kallon fursuna yana cin abinci. Fiye da rabin waɗanda ya tarar a ɗakin ba su ga ƙarshen yaƙin ba, kuma gudawa da yunwa suka kashe yawancinsu.

Kalmar farko da ya koya a harshensu na Ibo ita ce “nye m mmiri”, wato ba ni ruwa. Kun san an ce daga nan sunan da muke kiransu da shi ya samo asali. Baba ya roƙi ruwa da wannan kalmar yana kwance da ƙuna a baya, wata tsohuwa ta ba shi a ƙoƙo. Shi ya sa a gidanmu ba a furta sunan nan. Na sha mari a kansa ina ɗan aji 3, ban san dalili ba sai yanzu.

Yaron Sabon Garin ne ya zo masa a watan Nuwamba na 1968 ya ce, “Watanku ya tsaya.” Baba ya ɗauki azumi, shi kuma ya riƙa ajiye masa rabon garinsa har faɗuwar rana. Gab da faɗuwar Umuahiya a watan Afrilu na 1969 aka kwashe shi zuwa bakin daga. Daga ranar Baba bai sake ganinsa ba. Laƙabin da yaran Sabon Gari suka sa masa kaɗai ya sani, ba zan rubuta shi a nan ba.

A watan Janairu na 1970 suka wayi gari ba mai gadi ko ɗaya. Sojan tarayya suka iske su, aka kai su asibiti, aka yi musu tambayoyi, sannan aka ba shi hutu ya hau jirgin ƙasa. A gida kuwa tuni an yi sadakar uku da bakwai da arba'in, don wani da suke ayari ɗaya ya dawo da rauni ya rantse ya ga motar su Baba ta ƙone ƙurmus. Inna ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ta ƙi duk wanda ya fito neman aurenta. An raba gonarsa, kekensa Raleigh yana hannun ƙanensa. Da ya yi sallama a zaure, sai aka aiko yaro da ɗan tsaki a kwano, an ɗauka almajiri ne. Shi ne ɗan fari, kakarmu ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunya. Inna ta ce ranar ta ji tsohuwar ta kira sunan da ƙarfi har sau uku a tsakar gida.

Ya koma aiki, ya yi Kaduna, ya yi Jos, aka sallame shi a 1979 yana kofur. Ya yi gadi a wani kamfani, ya yi noma, ya aurar da mu 9. Bai sake taɓa allura ba, ko maɓalli ya cire sai dai Inna ta ɗinka. Wata shekara ina yaro, a wurin wani ɗaurin aure, wani tsohon soja ɗan'uwansa ya ce masa a gaban mutane, “Kai ai ɗinki ka je yi wa Ojukwu.” Aka yi dariya. Tun daga ranar bai sake zuwa taron 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu ba, lambobinsa kuma suna ƙasan adakar Inna.

Yawancin wannan labarin bara na fara jin sa, bayan rasuwar Inna. Bayan isha'i ya kan kira ni ya yi ta magana, wani lokaci har ƙarfe 12. Makon jiya ya dube ni ya ce, “Kai da ka yi boko, gaya mini gaskiya. In an tashe mu gobe, cikin mayaƙa za a sa ni ko cikin maciya amana?” Wallahi na kasa ba shi amsa. A zuciyata na san wata 21 ɗin nan sun fi duk sauran shekarun aikinsa nauyi, amma ni mai sayar da kayan babur ne, ba soja ba, ba malami ba, maganata ba za ta kwantar masa da hankali ba. Shi ya sa na zo. Sojojin cikinku, mene ne matsayin wanda aka kama ya yi wa abokan gāba aiki don ya tsira da ransa? Malamai, akwai wani abu a wuyansa? Yana kuma damuwa da azumin 1969, don ya yi jinya ya ɓata lissafin wata, da kintace ya yi shi. Sannan ko akwai hanyar da zan bi in gano dangin yaron nan?

Tsohon Samanja, Basawa:

Wa alaikumus salam ɗana. Shekara 31 na yi a kaki. Ina cikin sojan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka sauka Monrobiya a watan Agusta na 1990, na kuma yi Saliyo. Ka gaya wa Oga, ni ƙaraminsa ne a aiki, kuma ga amsata ba kwana-kwana: ya yi yaƙi.

A soja akwai wanda ya gudu, akwai wanda ya sauya sheƙa da son ransa, akwai wanda aka kama. Biyun farko kotun soja ke jiransu. Na ukun yana nan a matsayin soja, lambarsa ba ta mutu ba, ranakunsa na tsare ana lissafa su cikin aiki. Hujjar tana hannunku ma. An yi masa tambayoyi bayan an sako shi, aka mai da shi bakin aiki, aka ɗaura masa igiya biyu, aka sallame shi da takarda bayan shekara 9. Soja ba ya ɗaura wa maci amana igiya.

Batun ɗinki kuma. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 a kan fursunonin yaƙi, wadda ake karantar da mu, ta ce abin da ya wajaba kamamme ya faɗa shi ne sunansa da muƙaminsa da ranar haihuwarsa da lambarsa. Ta kuma yarda a sa shi aiki. Aikin da ya shafi yaƙi kai tsaye ne ba a yarda a tilasta masa ba, in kuwa an tilasta, laifin na wanda ya tilasta ne. Tambayar da za a yi wa Oga ita ce, ya nuna musu inda 'yan'uwansa suke? Ya ɗauki bindigarsu ya harbi namu? In babu, to facin wando bai kashe kowa ba.

Wanda ya yi masa baƙar maganar nan, Allah ya yafe masa, amma ina shakkar ya taɓa kwana ɗaya a hannun abokan gāba. A watan Mayu na 2000 'yan tawayen Saliyo sun kama sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya wajen 500 a lokaci guda. Na ga wasu bayan an sako su, makonni kawai suka yi, amma ƙato ya zama kamar kara, in ka tafa hannu a bayansa sai ya zabura. Ka kwatanta da wata 21 cikin yunwar Biyafara.

Ka nemo littafin sallamarsa, ka rubuta lambarsa a wuri biyu. Da lambar ake neman fayil a ofishin ajiye bayanan soja da ke Lokoja, kuma reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya zai iya rubuta muku takardar gabatarwa. In masu Red Cross sun taɓa ziyartarsu suka rubuta sunayensu, hedikwatarsu ta Janiba tana ajiye irin wannan rajista, ka tambaye shi ko ya tuna zuwan wasu Turawa da littafi.

In ya yarda, zan zo har gida in sara masa. Ka turo mini saƙo ta ciki.

Ɗalibi daga Kona:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya jiƙan Inna. Ni ɗalibi ne, abin da na karanta a gaban malamaina zan faɗa.

Wanda aka tilasta ba ya ɗaukar laifin abin da aka tilasta masa don tsira da rai, matuƙar bai kai ga cutar da ran wani ba. Ammaru ɗan Yasir, Allah ya ƙara masa yarda, an azabtar da shi har ya furta kalmar da ba ta cikin zuciyarsa, kuma aya ta 106 a Suratun Nahli ta sauke masa nauyin. In har furucin baki a kan imani an yi rangwame a cikinsa, ina ga allura da zare? Ban ce yaƙin basasa daidai yake da yaƙin sahabbai ba, ƙa'idar tilas nake nuna maka.

Kamu kuma ba abin kunya ba ne. Abdullahi ɗan Huzafa, Rumawa sun kama shi a zamanin Sayyidina Umar. Da ya dawo Madina tare da sauran kamammun, Umar ya tashi ya sumbaci kansa, ya ce wa Musulmi su ma su yi haka. Ka ba Baba wannan labarin, sannan ka yi abin da Umar ya yi.

Azumin 1969: malamai sun yi maganar kamammen da watanni suka rikice masa. Zai yi iya ƙoƙarinsa ya zaɓi wata ya azumta. In ya dace da Ramadan ko ya faɗo bayansa, ya isar masa. In ta tabbata kafin watan ya yi, sai ya rama. Ramadan na shekarar ya kama ne wajen tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Ka tambaye shi ko hunturu ya fara busawa sa'ad da ya yi nasa, da kuma kwana nawa tsakanin gama azuminsa da sakinsu. Da wannan sai ku je wurin malami ido da ido, don a shekarunsa ko da ramuwa ta hau shi, akwai maganar ciyarwa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma na ga ya dace in taɓo. Gonar da aka raba. A Risala an ce ba a gadon dukiyar wanda ya ɓace sai lokacin da irinsa ba ya rayuwa ya wuce, balle wanda ya dawo da ƙafarsa. Haƙƙinsa ne. In ya yafe da bakinsa, a samu shaidu ya faɗa a gabansu tun yana da ƙarfi, don kada abin ya zama rigima tsakaninku da 'ya'yan baffanninku.

Yaron da ya ajiye masa gari kuwa, na karanta wurin sau biyu. Aya ta 8 a Suratul Insan ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme alhali su ma suna son abincin. Neman danginsa don a gode musu aikin kirki ne, Allah ya sa a dace.

Maman Biyu, Samaru:

Ni ban san dokar soja ba, amma na san gidan da nasu bai dawo ba. Kawuna yana cikin waɗanda suka shiga jirgin ruwa a Asaba a 1967. Babu gawa, babu takarda, babu wanda ya ce ya ga faɗuwarsa. Kakata ta rayu shekara 26 bayan haka, kuma ba ta taɓa yarda a sa sakata a ƙofar zaure kafin ta yi barci ba. Da a ce ya dawo mata yana ɗinkin ko mene ne, da ta yanka sa. Ka gaya wa Baba haka daga bakina.

Shawarata, ka riƙa naɗar maganarsa a waya, amma da saninsa, kuma kada ka mai da hirar ta zama tuhuma. In ya tsaya a wani wuri ya yi shiru, ka bar shi a nan, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In ka ga ranar da ya yi zancen ya kasa barci ko yana firgita, ku huta kwana biyu, kuma ka faɗa wa likitan da ke duba shi.

Abin da ya ɗan sosa mini rai a rubutunka shi ne Inna layi uku ka ba ta. Yarinya da goyo, an ce mata mijinki ya ƙone, ta yi takaba, ta zauna kusan shekara 2 a gidan surukai tana korar manema. Ita ma ta yi nata zaman. Tunda ta riga mu gidan gaskiya, ka zauna da yayarku da ƙannen Inna da suka rage, ka ji nata ɓangaren kafin su ma su tafi. Ni ban yi haka da kakata ba, har gobe ina da-na-sani.

In kana son ganin yadda aka ba da labarin lokacin a gida, ka nemi tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian a Gidan Arewa da ke Kaduna ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a nan jami'a. Amma kafin ka fara neman yaron can, ka tambayi Baba ko zai iya ɗaukar labarin in ya zo ba daɗi.

Haifaffen Sabon Gari:

Ɗan'uwa, ni Ibo ne, a nan aka haife ni, babana ya dawo Zariya bayan yaƙi ya sake buɗe shagon shi daga farko. Mamana ta binne yara biyu a 1969, tamowa. Don haka yaran da Baba ya gani a jikin shinge, yayyena ne. Ka gaishe shi, ka ce na gode da sunan da ya hana a gidan shi.

Neman ba zai gagara ba. Kowane gari namu yana da ƙungiyar shi a nan, suna zama wata-wata, yawanci ranar Lahadi bayan coci, kuma tsofaffin sun san iyalan da suka zauna a Sabon Gari kafin 1966, musamman 'yan reluwe, don su a wuri ɗaya suke. Laƙabin Hausa ma zai taimaka, sau da yawa shi mutane suka fi riƙewa. Ka tambayi Baba ko yaron ya taɓa ambaton garin su, ko layin da suka zauna, ko makarantar da ya yi. Gaskiya zan faɗa maka, da yawa daga waɗanda aka kai daga a 1969 ba su dawo ba. Amma ƙanne da 'ya'yan ƙanne suna nan, kuma babu gidan da zai ƙi jin cewa ɗan su ya ceci rai. Tunda kayan babur kake sayarwa, ina jin layin mu ɗaya a kasuwa. Ka neme ni, ni zan kai ka wurin dattawan.

Ɗan Ƙofar Doka:

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanku. Daren jiya na karanta wa Baba duka, ban tsallake ko layi ba.

Da na zo wurin igiya biyu, sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Bai ce komai ba. Labarin Abdullahi ɗan Huzafa kuwa ya san shi, ya ce ya taɓa ji a wurin tafsiri amma bai taɓa kawo kansa a ciki ba. Malam, na yi abin da ka ce. Ya ture ni da hannu yana cewa in bari, amma na ga idonsa. Azumin kuma ya tuna cewa leɓensa na tsagewa da sanyi lokacin, kuma bai fi wata ɗaya da gamawa ba aka sake su. Ranar Juma'a za mu je wurin limamin unguwa da wannan da kuma maganar gonar. Ya ce tun 1970 ya yafe ta, amma zai faɗa a gaban shaidu.

Maman Biyu, kin yi gaskiya a kan Inna, kuma na ji kunya. Na kira Yaya a Funtuwa, za ta zo ƙarshen wata. Na kuma tambaye shi abin da kika ce. Ya ce ya binne mutane da hannunsa a bayan makarantar nan, labarin mutuwa ba zai kashe shi ba, rashin godiya ne ke hana shi barci. Da na karanta masa na ɗan'uwanmu na Sabon Gari, wurin yara biyun, sai ya sa na dakata ya yi ta salati.

Ya tuna wani abu sabo. Yaron ya taɓa ce masa gidansu yana kusa da tashar jirgi, akwai bishiyar mangwaro biyu a ƙofa, kuma ya kan je kamun kifi a Kubanni da yaran Hausawa. Sunan garinsu ya ce yana bakinsa, zai faɗo. Na ajiye takarda da biro a gefen gadonsa.

Da safen nan ya sa na buɗe adakar Inna. Lambobin suna nan cikin wani tsumma, da littafin sallama, da wata allura mai tsatsa a soke jikin ƙyallen kaki, ban taɓa sanin da ita ya dawo ba. Samanja, ya ce ka zo ranar Asabar bayan la'asar, kuma ka zo da lambarka a ka, don sai ya tambaye ka kafin ya amsa sarawar.